Steve Irwin da Kunamar Ruwa: Wa Ya Ce A Rama Masa?

Daren Juma'a saƙon ya faɗo zauren WhatsApp na danginmu. Ɗan baffana ne ya turo shi, yaron da ban taɓa ganin ya karanta abu har ƙarshe kafin ya tura gaba ba. Hoton wani Bature ne cikin gajeren wando da riga ruwan ƙasa, ya danne kada yana washe baki, a ƙasa kuma dogon rubutu mai alamar kuka a kowane layi. Kafin gari ya waye Gwaggo ta aiko da saƙon murya, muryarta na rawa: "Allah sarki, mutumin nan na kadoji! Ashe shi ma ya tafi." Ta tuna shekarun da aka fara ɗora dish a gidanta, yaran unguwa suna cika falo suna ihu duk lokacin da kada ta kai masa cafka ya goce.

Ban ga laifin Gwaggo ba ko kaɗan. Ta so mutumin, labarin mutuwarsa kuma bai taɓa isowa kunnenta ba sai yanzu, don haka a wurinta jiya ya mutu. Wanda ya zauna ya tsara saƙon shi nake jin haushi, domin ya ɗauki mutuwa ta gaskiya ya lulluɓe ta da ƙarya, a ƙarshe kuma ya ba da umarni.

Saƙon ya ce Steve Irwin ya mutu a makon nan. Ya mutu ranar 4 ga Satumba, 2006, yana da shekara 44. 'Yarsa Bindi da ke da shekara 8 a lokacin ta yi aure har ta haihu a 2021. A saman saƙon an ce kada ce ta cinye shi, a ƙasa an ce kifi ne ya kashe shi, ka ga ke nan saƙo biyu aka ɗinke ba tare da an duba ba. Babu kada a labarin. Zancen wai ya sauya addini dab da mutuwarsa tsohuwar jita-jita ce, iyalinsa ba su taɓa faɗin haka ba.

Layin da ya hana ni barci shi ne na ƙarshe. An rubuta cewa kifin da ya kashe shi mugu ne mai farautar mutane, yana bin mutum har sai ya soke shi a zuciya, kuma irinsa na nan cikin Binuwai da Neja, saboda haka duk masuncin da ya gan shi ya kashe shi ya datse wutsiyar, a rama wa Steve. Muna da dangi masunta a wajen Yola, suna cikin zauren nan, kuma 'ya'yansu samari suna ɗaukar abin da ya fito daga waya kamar hukuncin alƙali.

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. Akwai irin kifin a kogunanmu. Masunta na kiransa kunamar ruwa: faffaɗa ne kamar faifai, yana kwanciya a ƙasan ruwa ya rufe jikinsa da yashi, a wutsiyarsa kuma akwai ƙaya mai haƙora kamar zarto, lulluɓe da dafi. Masana sun fara bayyana nau'in namu a rubuce a 1962, har suka laƙaba masa sunan garin Garwa na Kamaru, da ke bakin Binuwai. Faɗinsa bai cika wuce santimita 40 ba. Wanda ya soki Steve ɗan teku ne, wanda mai ɗaukar hoton da ke wurin ya kiyasta faɗinsa da ƙafa takwas. Dangi ɗaya ne, amma kamar a ce kyanwa da zaki.

Sauran rabin kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Kunamar ruwa ba ta farautar mutum, ba ta ma farautar komai da wutsiyarta. Bakinta a ƙarƙashin cikinta yake, abincinta ƙananan halittun da take tonowa daga yashi da laka. Ƙayar nan garkuwa ce, ba ta ɗaga ta sai ta ji an taka ta, ko an rutsa ta, ko ta zaci wani abu zai cinye ta. Shi ya sa yawancin waɗanda take harbi a ƙafa ko idon sawu take samunsu, wasu kuma a hannu, lokacin da suke ƙoƙarin ciro ta daga taru.

Abin da ya faru da Steve an san shi gwargwado, domin akwai shaida. Yana wani wuri ne da ake kira Batt Reef, kusa da garin Port Douglas a jihar Queensland ta Ostireliya, suna ɗaukar wani shiri kan halittun teku masu haɗari. Yanayi ya ɓaci, aikin ya tsaya, sai ya ce bari ya shiga ruwa mara zurfi ya ɗauko wasu hotuna don shirin yara da Bindi za ta gabatar. Mai ɗaukar hotonsa Justin Lyons, wanda ya yi bayani a talabijin a 2014, ya ce ruwan iya ƙirji ne, sun gama ɗaukar kifin, saura hoto ɗaya na tafiyarsa. Steve ya biyo ta bayansa, shi Lyons yana gaba. Kifin ya tsaya cak ya shiga kai suka da wutsiya ba ƙaƙƙautawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya wuce abinsa. Bai juyo ba, bai bi kowa ba. Ƙayar ta huda ƙirjin Steve ta taɓa zuciya. An ɗora shi a jirginsu, an yi ta danna masa ƙirji ana hura masa numfashi kusan awa guda har tsibirin Low Isles, inda ma'aikatan lafiya suka tabbatar rai ya yi halinsa. Raunin zuciyar da zubar jini ne suka kashe shi.

Me ya firgita kifin? Lyons na ganin inuwar Steve ce ta faɗo masa daga sama, ya zaci kifin shak ne, wanda da ma shi ke cin irinsu. Hasashe ne, kuma hasashen mutumin da ya gani da idonsa, don haka ina ba shi nauyi, amma ba zan sayar muku da shi a matsayin tabbas ba. Abin da ke tabbas shi ne ƙarancin irin wannan mutuwa. A duk Ostireliya, ƙasar da mutane ke cika bakin teku kowace rana, waɗanda aka rubuta cewa wannan kifi ya kashe ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da mafarauci ne, da an daina wanka a can tuntuni.

Wannan kira na ramuwa ma ba sabo ba ne. Kwanaki kaɗan bayan mutuwar, an tsinci irin kifin har goma a gaɓar tekun Queensland, matattu, an datse musu wutsiya. Hukuma ba ta tabbatar ramuwa ce ba, tunda wasu masunta kan yanke wutsiyar don gudun harbi, amma zargin ya yi ƙarfi har Michael Hornby, shugaban ƙungiyar Wildlife Warriors da Steve da matarsa Terri suka kafa a 2002, ya fito ya ce ba su yarda da duk wani ɗaukar fansa ba, kuma abu ne da Steve ba zai taɓa so ba. Daga ɗaya ɓangaren, marubuciya Germaine Greer ta rubuta a jaridar Guardian cewa dabbobi ne suka rama abin da ya daɗe yana yi musu, maganar da ta jawo mata zagi. Masu kiran ramuwa da ita Greer duk sun ɗora wa kifi zuciyar ɗan Adam. Kifi ya tsorata ya kare kansa, shi ke nan.

Kuma a ce wa za a rama wa? Mutumin da iyayensa, Bob da Lyn, suka buɗe ƙaramin gidan macizai da kadoji a Beerwah a 1970, ya tashi a cikinsa, ya shafe ƙuruciyarsa yana kama kadojin da suka matso kusa da mutane yana sauya musu wuri don kada a harbe su. Sunan shirinsa, The Crocodile Hunter, wato mafaraucin kada, shi ke ruɗin wasu. Bai farauci kada don ya kashe ba. Duk hayaniyarsa da tsalle-tsallensa a gaban kyamara don abu ɗaya ne, mutane su daina kashe abin da suke tsoro kawai don suna tsoronsa. Mai saƙon nan ya ɗauki sunansa ya juya shi baibai.

Cutarwar kuma iri biyu ce. Ta farko a kan kifin. Kunamar ruwa ba ta zuba dubban ƙwai kamar tarwaɗa ko karfasa, haihuwa take yi, 'ya'ya kaɗan, don haka in ta ragu ba ta saurin farfaɗowa. Ta riga ta ragu ƙwarai, har ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Ta biyu, wadda ta fi damuna, a kan yaranmu. Hanya mafi sauƙi ta shan harbin wannan kifi ita ce ka kai hannu wajen wutsiyarsa. Saurayin da da zai kauce, yanzu an gaya masa jarumta ce ya riƙe ya yanke. Ƙayar ma tana yanka ko bayan kifin ya mutu.

Da mai saƙon yana son masunta da alheri, ga abin da zai rubuta. In za ka shiga ruwa mai yashi, ka ja ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa da saukewa, kifin zai ji motsi ya tashi. In ya harbe ka a ƙafa ko hannu, a fito da kai, a wanke wurin, a tsayar da jini, a tsoma gaɓar cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, wajen digiri 45, na tsawon minti 30 zuwa 90. Zafin ruwan na kwantar da raɗaɗin. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A je asibiti ko da ciwon ya lafa, domin gutsuren ƙayar kan karye a ciki ya ruɓar da nama, kuma ana buƙatar duba allurar sandarewar jiki. In kuwa a ƙirji ne, ko ciki, ko wuya, kuma ƙayar ta maƙale, a bar ta inda take sai likita.

A nan saƙon ya kawo wata magana, cewa Steve da hannunsa ya zare ƙayar, shi ya sa ya mutu. Shaidu biyu sun saɓa. Manajansa John Stainton, wanda ya kalli bidiyon abin da ya faru, ya faɗi haka a kwanakin farko. Lyons, wanda yake cikin ruwan, ya ce ƙayar ba ta maƙale ba balle a zare ta, kuma raunin ya yi girman da ba abin da zai cece shi. Duk wanda ya yanke muku hukunci tsakanin su biyun daga ɗakinsa, ya wuce gona da iri.

Sai bidiyon da aka ce "danna nan ka kalli mutuwarsa". Gaskiya ne kyamara ta ɗauka. An miƙa wa 'yan sandan Queensland don bincike, kuma a farkon 2007 aka sanar cewa an lalata kwafe-kwafen, Terri ta ce ita ma ba ta kalla ba. Ba a taɓa nuna shi ba. Abin da ke bayan mahaɗin nan ko dai hoton bogi ne, ko kuma shafin da zai nemi lambobi shida da aka turo maka, ka wayi gari wani na roƙon kuɗi da sunanka.

Abu biyu saƙon ya faɗa daidai, in ba shi haƙƙinsa. A Janairun 2004 Steve ya riƙe jaririnsa Robert, ɗan wata ɗaya, a hannu guda yana ciyar da kada da ɗayan, kuma duniya ta yi masa ca. Ni ma har yau ban ga hikimar hakan ba. Gwamnatin Queensland kuma ta yi tayin yi masa jana'izar ƙasa, mahaifinsa ya ƙi, ya ce ɗansa mutum ne kamar kowa. An binne shi cikin sirri a gidan namun dajinsu, aka yi taron tunawa da shi ranar 20 ga Satumba a filin da yake wasa da kadoji, inda Bindi ta tsaya gaban dubban mutane ta karanta takardar da ta rubuta game da babanta.

Wannan na ƙarshen na ba Gwaggo labari da na kira ta. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko yarinyar ta samu mai riƙe ta. Na ce mahaifiyarta na nan, ita da ƙaninta suna ci gaba da aikin gidan, jaririn nan na hoton kada ma yanzu shi ke ciyar da kadojin. Ta ce, "Ikon Allah. To ka turo min hotonsu, kuma ka ce wa yaron nan ya goge abin da ya sa." Na gaya masa. Ya amsa da "To, Yaya," har yanzu kuma saƙon na nan a zauren.