Kula da Akwatin Imel na Ofis: Tarkacen Wasiƙu da Hatsarin Tura Saƙo Gaba

Takardu da dama waɗanda a da sai masinja ya ɗauke su a babur daga Katsina zuwa Dutsin-Ma ko Kurfi, a yau ta imel suke tafiya cikin ƙiftawar ido. Sanarwar taro, takardar neman aiki, ƙorafin manoma, bayanin gurbin karatu, duk sukan bi wannan hanya. Sai dai kuma wasiƙar imel tana iya ɓata a hanya ba tare da wanda ya aiko ta ko wanda aka aika wa ya sani ba. Mutumin Kutawa zai iya biyan kuɗin buga takarda a shagon kwamfuta, a aika masa ita, ya koma gida yana jiran amsa, alhali takardar ba ta taɓa isa gaban jami'in da ya nufa ba. Dalilin da ya sa muka shirya wannan bayani ke nan, domin jami'an ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu da ƙungiyoyi, da sauran jama'ar karkara su san inda matsalar take da yadda ake maganinta.

Sunan gida da masaukinsa

Kowane adireshin imel yana da ɓangare biyu, kuma alamar @ ce ta raba su. Na farko shi ne sunan mai akwatin, na biyu kuwa shi ne sunan gidan da akwatin yake ciki. Sunayen da suka ƙare da .ng na Nijeriya ne, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da rajistarsu. Waɗanda suka ƙare da .gov.ng an keɓe su ga hukumomin gwamnati ƙarƙashin kulawar hukumar NITDA, kamar katsinastate.gov.ng na Gwamnatin Jihar Katsina. Manyan makarantu suna amfani da .edu.ng, kamar fudutsinma.edu.ng na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. A watan Fabrairun 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa hukumomin gwamnati yin aikin hukuma da irin wannan suna, maimakon adireshin kyauta na kamfanoni.

Mallakar suna kaɗai ba ta isa ba, dole ne a sami babbar kwamfuta da ke kunne dare da rana wadda za ta riƙa karɓar wasiƙun tana ajiye su. Ƙananan ofisoshi ba sa iya ajiye irinta, saboda haka sukan kama haya a wurin kamfanin da ke ba da masauki. A masauki mai rahusa, kwamfuta ɗaya mai lamba ɗaya a intanet takan ɗauki ɗaruruwan masu haya. Idan ɗaya daga cikinsu ya shiga watsa wasiƙun banza, lambar ce za ta yi baƙin jini, sauran maƙwabta su kwana a ciki. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Daga ina tarkacen ke fitowa

Abin da muke nufi da tarkacen wasiƙu shi ne saƙonnin da ake watsa wa jama'a da yawa ba tare da sun nema ba. A kan allon waya ko kwamfuta, akwatin da ake zuba su yana ɗauke da sunan Spam ko Junk. Matsalar ta daɗe, domin tun a 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta a Amurka ya aika talla ga mutane kusan 400 a lokaci guda. Wasu daga cikin tarkacen talla ne kawai. Wasu na 'yan damfara ne, irin waɗanda aka fi sani da 419, lambar da aka samo daga sashen dokar laifuka ta Nijeriya da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Wasu kuma suna kwaikwayon banki ko hukuma don su sace kalmar sirrin mutum.

Masu wannan sana'a suna da na'urorin da ke bin shafukan intanet suna tsintar duk adireshin da aka rubuta a fili. Kazalika sukan yi ta cankar sunaye suna liƙawa a gaban sunan gida ko za su dace. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 32, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun ga mai wasiƙun satar bayanai, da kuma mai watsa tarkace da nufin kawo cikas ga aikin kwamfuta. Amma da yawa daga cikin masu aiko su ba a ƙasar nan suke ba, don haka kariyar farko tana hannun mai akwati.

Yadda tura wasiƙa gaba ke jawo asara

Abu ne sananne jami'i ya ga cewa buɗe akwatin ofis wahala ne, sai ya sa a saita masa shi yadda duk wasiƙar da ta shigo za ta wuce kai tsaye zuwa adireshinsa na Gmail ko Yahoo da ke cikin wayarsa. Da farko abin yakan yi daɗi, amma akwai illoli guda huɗu a tattare da shi.

Ta farko, kwamfutar masauki tana tura komai ne, mai kyau da marar kyau. Gmail kuwa abin da yake gani shi ne kwamfutar ofishin ce ta miƙo masa tarkacen. Duk lokacin da jami'in ya danna alamar cewa wannan wasiƙa Spam ce, sunan ofishinsa yake ƙara ɓatawa ba tare da ya sani ba. A kwana a tashi sai a fara zuba wasiƙun ofishin na gaskiya cikin akwatin tarkace, ko a jinkirta su, ko a ƙi karɓarsu baki ɗaya. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, da ke tattara jerin lambobin kwamfutocin da suka yi ƙaurin suna, kuma kamfanoni da yawa a duniya da wannan jerin suke aiki. Shiga cikinsa ba wuya, fita ce aiki.

Ta biyu, wasiƙar kirki ma tana iya faɗuwa a binciken da ake yi mata a ƙofa saboda ta canja hannu a hanya. Za mu yi bayanin wannan a sashe na gaba.

Ta uku, idan jami'in ya ba da amsa daga adireshinsa na kansa, amsar ba ta ɗauke da sunan ofis, kuma babu kwafinta a ajiyar ofis. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, ya tafi da fayil ɗin gaba ɗaya a aljihunsa, wasiƙun jama'a kuma su ci gaba da bin sa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ta karɓi bayanan mutane nauyin tsare su, kuma takardar neman aiki mai ɗauke da lambar NIN da ranar haihuwa tana cikin irin waɗannan bayanai.

Ta huɗu, ɓarayin akwati ma da wannan hanya suke aiki. Idan suka sami kalmar sirri, sukan shiga su saita turawa a ɓoye zuwa nasu adireshin, su fita. Ko da mai akwatin ya canja kalmar sirri daga baya, kwafin kowace wasiƙa zai ci gaba da zuwa musu muddin ba a goge wancan saiti ba. Ta haka suke sanin lokacin da za a biya ɗan kwangila, sai su aiko da wasiƙa mai kama da tasa ɗauke da wata lambar asusu ta daban.

Shaidu uku da ake dubawa a ƙofa

Tsarin imel na asali bai hana mutum ya rubuta sunan wani a matsayin mai aikowa ba, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan hakimi a bayan ambulan. Don toshe wannan kafa aka fito da shaidu uku waɗanda mai sunan gida ke rubutawa a rajistar sunansa.

Ta farko ita ce SPF, watau jerin kwamfutocin da ofis ya amince su aika wasiƙa da sunansa, tamkar a ce ga sunayen masinjojinmu, duk wanda ba ya ciki ba namu ba ne. Ta biyu ita ce DKIM, wadda take kamar hatimin da ake buga wa wasiƙa, wanda yake lalacewa idan aka taɓa abin da ke ciki. Ta uku ita ce DMARC, umarnin da mai suna ke bayarwa kan abin da za a yi da wasiƙar da ta zo da sunansa amma ta kasa nuna ko ɗaya daga cikin shaidun biyu: a sa ido kawai a kawo rahoto, ko a keɓe ta cikin tarkace, ko a ƙi karɓarta.

A ce wani banki ya aiko wa ofis wasiƙa, kwamfutar masauki ta tura ta zuwa Gmail. Gmail zai duba jerin masinjojin bankin, ba zai ga kwamfutar ofishin a ciki ba, shaida ta farko ta faɗi ke nan. Saura hatimi. Idan kwamfutar masaukin ta ƙara wani rubutu a ƙasan wasiƙar ko ta sauya kanta, hatimin ma ya lalace. Idan kuwa umarnin bankin shi ne a ƙi karɓa, to wasiƙar ta tafi ke nan. Akwai dabarar da ake kira SRS wadda ke sauya sunan da ke kan ambulan zuwa na mai turawa, da wata mai suna ARC da ke adana sakamakon binciken farko. Suna taimakawa, amma SRS tana nufin ofis ya ɗauki alhakin duk abin da ya wuce ta hannunsa, saboda haka tacewa kafin turawa ta zama tilas.

Tun daga watan Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu. Kowane mai aikowa sai ya nuna aƙalla SPF ko DKIM, mai aika wasiƙu da yawa kuma, wanda Gmail ya ƙayyade da kimanin 5,000 a rana, sai ya cika duka ukun. Microsoft ma ya bi sahu a 2025. Ofishin da bai rubuta waɗannan shaidu ba, wasiƙunsa na cikin hatsari ko da babu laifin da ya yi.

Shawarwari ga jami'ai

1. A buɗe akwatin ofis kai tsaye a cikin waya. Manhajar imel da ke waya tana iya ɗaukar akwati fiye da ɗaya ta hanyar da ake kira IMAP, ba sai an yi turawa ba.

2. Idan turawa ta zama dole, a kunna matatar tarkace ta masauki tukuna, a tura abin da ya tsallake kawai, a kuma bar kwafi a akwatin ofis.

3. A kashe saitin karɓi-duka, wanda ke amsar wasiƙar da aka aiko ga kowane suna ko da babu mai shi. Ya fi kyau a ƙi irin wannan wasiƙa tun a ƙofa, domin idan aka karɓa sannan aka mayar, wurin mutumin da aka ari sunansa za ta koma.

4. A sa wa akwati sunan muƙami, kamar sakatare ko ma'aji ko sashen gona, ba sunan mutum ba. A takardar miƙa aiki a haɗa da canja kalmar sirri da goge tsohuwar turawa.

5. A nemi jami'in kwamfuta ko kamfanin masauki ya nuna a rubuce cewa an saita SPF da DKIM da DMARC. A fara DMARC da matakin sa ido, sai an tabbatar duk wasiƙun gida suna wucewa sannan a tsaurara.

6. A duba akwatin tarkace aƙalla sau ɗaya a mako. Gmail yana goge abin da ya kwana 30 a ciki.

7. Wajen aika sanarwa ga mutane da yawa, a sa adireshinsu a layin Bcc don kada kowa ya ga na kowa.

8. A rubuta ranar sabunta rajistar suna da kuɗin masauki a kalandar ofis. Idan wa'adi ya wuce, wasiƙu sun tsaya cak.

Shawarwari ga jama'a

Duk wanda ya aika takarda mai muhimmanci ta imel, ya nemi a amsa masa cewa ta iso. Idan kwana biyu ko uku suka wuce shiru, ya bi sawu ta waya, ko ya kai kwafi ofis a buga masa hatimin karɓa. Ɗalibin da ke jiran saƙon JAMB ko na makaranta ya riƙa leƙa akwatin Spam. Wanda aka buɗe wa adireshi a shagon kwamfuta ya canja kalmar sirri da kansa, kuma ya sa a duba masa ko an saita turawa zuwa wani wuri.

A kula da ƙarshen adireshin mai aikowa harafi bayan harafi, domin 'yan damfara sukan yi rajistar suna mai kama da na hukuma. Duk wasiƙar da ta nemi kalmar sirri, ko lambar katin ATM, ko lambar da banki ke turowa ta waya, ko ta ce a biya kuɗi cikin asusun wani mutum kafin a ba da aiki ko tallafin taki, to ta yaudara ce. Kada a amsa ta, kada a danna abin da ke cikinta, kada kuma a tura wa 'yan'uwa da sunan taimako. Wanda aka riga aka cuta ya gaggauta sanar da bankinsa, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Muna kira ga shugabannin sassa a Dutsin-Ma da Kurfi da sauran ƙananan hukumomin jihar nan da su sa a bincika saitin akwatunan ofisoshinsu, su kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin kula da su. Haka nan muna roƙon dagatai da masu unguwanni da malaman makaranta su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami damar karanta shi ba. Allah ya sa mu dace.