Ɓera Mai Guntuwar Wutsiya: Yadda Sauyin Ƙwayar Gado Ɗaya Ke Hana Tayi Rayuwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna yadda sauyi a ƙwayar gado guda tak kan iya rushe ginin halitta tun tana ciki. Za mu ɗauki misali daga ɓera, domin cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne kawai, saboda haka masana kan iya bin girman tayinsa rana bayan rana.

A shekarar 1927 wata likita mai bincike a birnin Paris na ƙasar Faransa, Nadine Dobrovolskaya-Zavadskaya, ta ba da labarin waɗansu ɓeraye masu guntuwar wutsiya, waɗanda ke gadar wa 'ya'yansu wannan siffa. Ƙwayar gadon da ke jawo haka ana kiranta Brachyury, wato "guntuwar wutsiya" da harshen Girka. Kowane ɓera yana da ita guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ce ta lalace, ɓera zai rayu, wutsiyarsa ce kawai za ta gajarta.

Abin mamaki shi ne, in aka haɗa mace da namiji masu guntuwar wutsiya, sai a rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan da ake sa rai. Waɗannan su ne suka gaji lalatacciyar ƙwayar ta ɓangarorin biyu, kuma a ciki suke mutuwa wajen kwana na 10. Dalili kuwa, wannan ƙwaya ita ke umurtar ƙwayoyin tayi su gina wata siririyar sanda wadda ƙashin baya ke bin shacinta, su kuma gina rabin jiki na baya. In babu umurnin, kai da zuciya kan soma fitowa, amma bayan jiki ba ya samuwa. Haka kuma hanyar da za ta zama cibiya ba ta kaiwa ga mabiyiya, sai abinci ya yanke.

A 1990 ne Bernhard Herrmann da abokan aikinsa suka ware ƙwayar kanta, daga bisani kuma aka gano ɗan Adam ma yana da irinta. Lissafin nan na ɗaya cikin huɗu shi ne dai wanda likitocinmu ke yi wa masu shirin aure game da cutar sikila, ko da yake ƙwayoyin gadon daban suke.