Gardamar Da Wani Littafin Turawa Ya Tayar a Zaurena

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in kawo wa 'yan'uwana masu karatu wata gardama da ta tashi a zaurena, wadda muka yi mako guda muna juya ta ba mu kashe ta ba. Tushenta kuwa tambaya ɗaya ce: ya kyautu a mai da labarin kisan kai abin hira da nishaɗi?

Ni tsohon malamin makaranta ne, na huta da aiki. Kowace la'asar mu huɗu mu kan taru, ni da wani tsohon akawun baitulmali, da wani malami mai almajirai a unguwarmu, da wani dattijo da ya daɗe yana magatakardan kotu. Ran nan na tsinci wani ɗan littafin Turanci wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. Sunansa The Murder at the Vicarage, watau Kisan Kai a Gidan Limamin Coci. Akawu da magatakarda suka karɓa suka karanta da kansu bi da bi. Malam kuwa da ya ke ba ya jin Turanci, ni na riƙa fassara masa kaɗan kaɗan bayan sallar isha'i har muka kai ƙarshe.

Wadda ta rubuta shi wata Baturiya ce, Agata Kiristi. An haife ta a 1890 a Toki, wani gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, ta rasu a 1976. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibitin garinsu, can ta san kan guba, abin da ya yi mata amfani ƙwarai cikin littattafanta. Ta rubuta littattafan binciken laifi 66. Wannan da na ke magana ya fito a 1930, shi ne na farko cikin dogayen labarai 12 da ta yi a kan wata tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, ana ce da ita Mis Mapul.

Ga taƙaitaccen labarin, amma ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba, don kada in ɓata wa mai niyyar karantawa. Akwai wani ɗan ƙauye da marubuciyar ta ƙaga, Sen Meri Mid, inda kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya ci jiya. A nan akwai wani attajiri, Kanar Furotiro, mai shari'a ne kuma babba ne cikin masu kula da dukiyar coci. Mutum ne mai tsawa da zafin rai, matarsa ba ta jin daɗinsa, 'yarsa ba ta ƙaunarsa, talakawa na tsoronsa. Har limamin cocin, wanda shi ke ba da labarin da bakinsa, ya taɓa sakin baki wurin cin abinci ya nuna mutuwar Kanar ba za ta zama hasara ga kowa ba. Ba a daɗe ba aka buga wa liman waya ta ƙarya aka janye shi daga gida. Da ya komo sai ya tarar da Kanar a ɗakinsa na karatu, kife a kan tebur, an harbe shi. Ga agogo ya faɗi ya tsaya, ga 'yar takarda da aka rubuta lokaci a kanta. Ɗan sanda ya ce ai magana ta ƙare, agogo ya faɗi sa'ar da aka yi kisan. Bai tsaya ya ji ba cewa kullum a kan ajiye agogon nan yana gaba da minti goma sha biyar. Sa'an nan mutum biyu suka fito, kowanne ya ce shi ya yi. Tsohuwar nan kuwa, maƙwabciyar liman, wadda ba ta da aiki sai gyaran furanni da kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, ta ce ita mutum bakwai ta ke tuhuma.

To, akawu shi ne ya fara magana. Ya ce shi kam ya ji daɗin littafin kamar yadda ya ke jin daɗin dara. Da fensir ya karanta, yana rubuta wane yana ina ƙarfe shida da kwata, wance ta bi ta wace ƙofa, kamar mai daidaita lissafin ƙarshen wata. Duk da haka ya kuskure mai laifin. Abin da ya ba shi sha'awa, da ya koma baya sai ya ga an aje masa kowace alama a fili, shi ne bai lura ba. Wannan kuwa ba dace ba ne, ka'ida ce. A 1929 wani marubucin Ingila, Ronal Noks, ya tsara wa irin waɗannan labaru dokoki goma. Cikinsu akwai cewa lalle a ambaci mai laifi tun farkon labari, kada a kawo aljanu ko tsafi su warware matsala, mai bincike kuma kada ya ɓoye wa mai karatu alamar da ya gano. A 1930 marubutan suka kafa ƙungiyarsu a Landan, Agata Kiristi tana ciki, daga baya ma ta shugabance ta. Akawu ya ce littafin da ya yi wa mai karatu adalci haka, ai ba shi da abin zargi.

Malam bai yarda ba. Ya ce mini, "Malam, ni abin da ya dame ni tsohuwar nan ce. Me ya raba aikinta da tsegumi? Tana leƙen maƙwabta ta kan shinge, tana ƙirga wa ya shiga wa ya fita, ba ta kyautata wa kowa zato. Mu kuwa tun muna yara a ke gaya mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yanzu an ɗauki mai wannan hali an naɗa mata rawani." Ban iya musa masa duka ba, gama ita marubuciyar ta faɗa cikin tarihin rayuwarta, wanda ya fito a 1977, cewa ta ɗauko wani abu na halin tsohuwar daga kakarta, mai sa ran mugun abu daga kowa, kuma sau da yawa zatonta ya kan tabbata.

Amsar Malam daga cikin gida ta fito. 'Yata, wadda ita ma malamar makaranta ce, ta karanta littafin da ta zo ganin gida. Ta ce, "Baba, ku gaya wa Malam akwai tsofaffi masu tsegumi cikin labarin, har su uku, kowace ta ji ƙishin-ƙishin sai ta yayata. Mis Mapul ita kaɗai ce ta kama bakinta. Ta faɗi yawan waɗanda ta ke tuhuma, amma ta ƙi jera sunayensu a bainar jama'a sai da hujja ta cika." Ta ƙara da cewa abin da ya faranta mata rai shi ne ganin maza masu muƙami sun raina tsohuwa, ga shi kuwa ita ta hango abin da suka kasa hangowa. Da na kai wa Malam wannan jawabi ya yi murmushi, ya ce yarinyar ta kama shi a rabi, sauran rabin yana nan.

Magatakarda ya yi shiru har kwana uku. Ran na huɗu ya ce, "Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni na zauna a kotu na rubuta shari'ar kisan kai ba sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin gawar da ba ta da mai kuka ba. Kome munin mutum akwai uwa, ko ɗa, ko wani da ya ke ci a ƙarƙashinsa. A littafin nan an mai da mamacin abin ƙi tun shafin farko, don kada mai karatu ya ji tausayi ya ɓata wa kansa nishaɗi. Ana ta shan shayi ana raha, gawa tana ɗaki. Kuma ku tuna, a Ingila a 1930 wanda aka kama da kisa rataye shi a ke yi, sai a 1965 aka daina. Ashe wasan nan naku rai biyu ko uku ke cikinsa, kuna kiransa dara." Zauren ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai.

Kada masu karatu su zaci mu ne farkon masu wannan gardama. A ƙasar Turawa an yi ta tun marubuciyar tana da rai. A 1944 wani marubucin Amurka, Remon Candila, ya soki labarun Ingila irin wannan, ya ce kisan da ke cikinsu bai yi kama da na duniya ba, an shirya shi ne kawai don a sami gawar da za a yi wasa da hankali a kanta. Wani masanin adabi kuma, Edmon Wilson, ya rubuta a wata mujallar Niyok cewa karanta su ɓata lokaci ne. Masu karatu suka yi masa ruwan wasiƙu na fushi, shi kuwa ya sake rubuta wata sukar a 1945. A 1948 sha'irin nan na Ingila, Oden, ya amsa cewa shi karatunsu ya zame masa jaraba kamar taba, ya ce abin da ke jan mutum shi ne ganin garin da laifi ya gurɓata, kowa ya zama abin tuhuma, sa'an nan a ware mai laifi ɗaya, sauran jama'a su sami wankewa. Kun ga magatakardanmu da Candila bakinsu ɗaya, ko da ya ke bai taɓa jin sunansa ba.

Saura ni. Na daɗe ban faɗi ra'ayina ba, domin littafin ya taɓa mini wani tsohon miki. Shekarun baya, ina shugaban wata makaranta, kuɗin jarrabawar yara suka ɓace daga aljihun teburina. Akwai wani yaro mai taurin kai, malamai ba su sonsa, an kuwa gan shi kusa da ofis ran nan. Na ce biri ya yi kama da mutum. Ya rantse, ban saurara ba, na sa aka yi masa bulala gaban 'yan'uwansa. Bayan mako uku kafinta ya zo gyaran tebur, ya zaro aljihun, sai ga ambulan ya faɗa ta baya, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Na aika gidansu, na je da kaina na ba da haƙuri, amma yaron bai ƙara komowa makaranta ba. Da na zo inda ɗan sandan nan ya riƙe agogo ya ƙi sauraron liman, wallahi kaina na gani. Can gaba kuma, inda saura kaɗan a ɗora laifin a kan wani bawan Allah da bai yi kisan ba, sai da na aje littafin na fita tsakar gida.

Saboda haka ga inda na tsaya. Ban yarda da mai cewa irin wannan littafi yana koya wa mutane kisa ba, gama babu wanda zai karanta shi ya yi sha'awar halin mai laifin. Abin da na ga yana koyarwa shi ne jinkiri wajen yanke hukunci. Yana nuna wanda kowa ke ƙi ba lalle shi ne mai laifi ba, wanda ya amsa laifi da bakinsa ma sai an bincika dalilinsa, shaidar da ta fi kowace fitowa fili kuwa ita ta fi cancantar a sake duba ta. Da na san wannan ina saurayi, da yaron nan ya gama makarantarsa. Mu malamai da akawuna da masu zama kusa da shari'a, kullum ana kawo mana ƙarar wani, mun fi kowa bukatar wannan horo.

Amma maganar magatakarda ba ta faɗi ƙasa ba. Sauƙin da mai karatu ke ji an saye shi ne da hana mamaci mai kuka, wannan kuwa ba haka duniya ta ke ba. Ya kamata wanda zai ba yaro irin littafin nan ya gaya masa haka. In kuwa wani cikin marubutanmu na Hausa ya yi niyyar rubuta labarin bincike a ɗan ƙauye, ina roƙonsa ya ɗauki adalcin nan na aje wa mai karatu kowace alama a fili, ya ɗauki tsohuwa mai lura da kama baki, gama muna da irinsu a kowane gida. Sa'an nan ya ƙara abin da Baturiya ta rage, ya bar mana ko mutum ɗaya da zai zauna zaman makoki da gaske.

Har yanzu Malam yana kan rabin maganarsa, magatakarda kuma ya ce ba zai karanta na biyu ba, ko da ya ke na lura bai mayar mini da na farkon ba tukuna. To, jama'a, wanda ya karanta wannan littafi ko wani irinsa, ina so ya rubuto wa Edita ya raba mana gardama, musamman alƙalai da ma'aikatan kotu, waɗanda suka ga abin da idonsu.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Tsohon Malamin Makaranta,
Zariya.