Ɗan abin da ke tayar da bindigar toka

Duk wanda ya ga bindigar toka, hankalinsa kan tafi ga tsawon bakinta ko ƙarar albarushi. Amma tsofaffin mafarauta a Sakkwato sun fi damuwa da wani ɗan murfin tagulla da bai kai girman wake ba, wanda kunama ke dokawa ya kunna albarushin.

A da, ƙanƙara ce ke wannan aikin, sai dai yayyafi kaɗan kan sa ta ƙi kamawa. A 1807 wani limamin coci ɗan Sukotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar kunna albarushi da duka, kuma daga nan murfin ya samo asali. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci nau'o'in biyu, ta kuma ba kwamishinan 'yan sanda ikon wajabta lasisi a kansu.

Murfin ma ba ya son danshi. Ga maharbin zomo, bindiga ta ƙi tashi asarar naman miya ce kawai. Ga ɗan sa-kai a yankin Isa ko Sabon Birni, mai fuskantar masu AK-47 cikin damina, sau ɗaya yake da damar harbi kafin ya sake ɗuri.