Tsanin Hawa Jirgi: Yadda Mai Iyo Ke Komawa Cikin Ƙaramin Jirgin Ruwa

Shiga ruwa daga cikin ƙaramin jirgi ba ya buƙatar kayan aiki ko ƙwarewa, tun da nauyin jiki kaɗai ya isa ya gangarar da mutum, amma komawa cikin jirgin aiki ne da kan gagari har ƙaƙƙarfan saurayin da ya iya iyo. A ƙasashen da fita shaƙatawa da ƙananan jirage ta zama al'ada, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya da ƙasashen bakin Bahar Rum, mutane kan tsayar da jirgi a tsakiyar tafki ko a wani lungu na teku su faɗa ruwa don wanka, kuma wasu daga cikin waɗanda ke halaka a irin wannan fita sukan mutu ne hannunsu na taɓa jikin jirgin da suka kasa hawa. Abin da aka tanada don wannan matsala shi ne tsanin hawa jirgi, wato gajeren tsani na ƙarfe ko na igiya da ake maƙalawa a baya ko a gefen jirgin, wanda ingancinsa ba ya bayyana ga mai tsaye a ciki yana dubansa daga sama, sai ga wanda ke cikin ruwa a gajiye yana laluben inda zai sa ƙafa.

Tushen wahalar yana cikin wata ƙa'ida da masanin Girka Arkimidis ya bayyana fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wadda ke cewa duk abin da aka nutsar a ruwa, ruwan yana tallafe shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Da yake nauyin jikin ɗan'adam ya yi kusan daidai da na ruwan da ya kai girmansa, mutum mai kilo 70 ba ya jin nauyin kansa muddin yana nutse har wuya, amma da zarar ya fara ɗagowa sai tallafin ya riƙa janyewa, ta yadda kafin ƙugunsa ya fito hannuwansa sun riga sun ɗauki mafi yawan nauyin, ga kuma ƙarin ruwan da tufafinsa suka sha. Ƙafafu, waɗanda su ne mafi ƙarfi a gaɓoɓin jiki, ba su da abin takawa, kuma saboda jikin jirgi yakan lanƙwashe ya shige ciki daga ƙasa, sai su zame su bi ƙarƙashinsa, mutum ya koma rataye da hannu kawai. Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne tsayin gefen jirgi daga fuskar ruwa, kuma dokar ƙananan jirage ta Kanada ta ɗauki rabin mita a matsayin iyaka: jirgin da hawansa daga ruwa ya wuce haka wajibi ne ya kasance da abin hawa.

Mafi muhimmancin sashen tsanin shi ne wanda ido ba ya gani, wato matakan da ke ƙarƙashin ruwa. Matakin ƙarshe na ƙasa yana yi wa mai iyo aikin da likkafa ke yi wa mahayin doki, kuma idan ya yi sama da yawa, sai mutum ya ɗago gwiwa har ƙirji kafin ƙafarsa ta same shi, alhali daga wannan zama babu ƙarfin da cinya za ta iya bayarwa. Hukumar ABYC, wadda ke tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage a Amurka, ta sa a ƙa'idarta cewa matakin ƙasa ya nutse aƙalla inci 22, kimanin santimita 56, a ƙarƙashin fuskar ruwa, wanda a aikace yake nufin matakai biyu ko uku su kasance cikin ruwa. Gajeren tsanin da ke taɓa ruwa da ƙyar ya fi arha, ya fi sauƙin ajiya, ya kuma fi kyan gani a jikin jirgi, shi ya sa yake da kasuwa, amma dattijo ko mai ƙiba ko wanda ya gaji ba zai ci moriyarsa ba. Haka nan faɗin mataki yana da tasiri, domin siririn bututun ƙarfe yana cin tafin ƙafar da ba takalmi kuma yana santsi, yayin da shimfiɗaɗɗen mataki mai kaushi ke riƙe ƙafa. Daga sama kuma dole a sami marikin hannu da ya zarce bakin jirgi, in ba haka ba mutum zai kai matakin ƙarshe ya rasa abin kamawa, ya ƙarasa shiga da rarrafe a kan ciki.

Tsanin igiya, wanda ake naɗewa a jefa cikin jaka, shi ne ya fi yaudarar mai saye. Da zarar an ɗora masa nauyi sai ƙasansa ya lilo ya shige ƙarƙashin jirgi, ƙafafun mai hawa su bi shi, kafaɗunsa su koma baya, ya zamana yana hawa ne a kishingiɗe da ƙarfin hannu, wato dai an koma gidan jiya. Tsanin ƙarfe mai sanda biyu da ke tokare jikin jirgi ba ya yin haka, kuma tokarin yana barin sarari tsakanin mataki da jirgi inda yatsun ƙafa za su shiga. Duk da haka tsanin igiya ya fi babu, musamman idan matakansa na katako ne ko roba mai ƙarfi kuma an rataya wa ƙasansa abu mai nauyi.

Akwai kuma tambayar wanda zai sauke tsanin. Dokar Tarayyar Turai ta jiragen shaƙatawa, wadda aka zartar a 2013 ta fara aiki a Janairun 2016, ta shar'anta cewa abin hawa ya kasance wanda mutumin da ke cikin ruwa zai iya kaiwa gare shi ko ya sauke shi da kansa ba tare da taimakon kowa ba, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 15085 ita ce ke fayyace yadda masu ƙira za su cika irin wannan sharaɗi. Hikimar a bayyane take, domin tsanin da aka naɗe aka ɗaure da igiya a saman jirgi, ko aka kulle a akwati, ba shi da amfani ga matuƙin da ya fita shi kaɗai ya faɗa ruwa, ko ga abokan tafiya da suka yi tsalle gaba ɗaya cikin nishaɗi ba wanda ya tuna da shi. Saboda haka ƙwararrun matuƙa ke sauke tsani kafin mutum na farko ya shiga ruwa, su bar wanda ya iya tuƙi a ciki, su kuma saki doguwar igiya mai yawo a kan ruwa daga bayan jirgi da wani abu mai taso a ƙarshenta. Amfanin igiyar shi ne jirgin da ba a jefa masa anga ba iska na tura shi, kuma ko matsakaiciyar iska tana iya tafiya da shi da saurin da mai iyo ba zai cim masa ba.

Yawancin tsani a bayan jirgi ake kafa shi, saboda nan ne gefe ya fi gajarta kuma nauyin mai hawa ba ya karkatar da jirgin, sai dai nan ɗin ne inji da farfelarsa suke. Cire giya bai wadatar ba, domin gwiwa ko gwiwar hannun wani na iya bugun sandar giyar, don haka ƙa'idar ita ce a kashe inji ɗungurungum kafin kowa ya kusanci tsani. Haɗarin farfela ya fito fili a watan Mayun 2013 a Padstow da ke kudu maso yammacin Ingila, inda wani jirgi mai gudu ya watsar da iyali mai mutum shida a ruwa, ya ci gaba da kewaye ba matuƙi, ya kashe biyu daga cikinsu, kuma bincike ya nuna cewa ba a ɗaura igiyar kashe inji ba, wato 'yar igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa don inji ya mutu da zarar ya bar mazauninsa. Tun daga Afrilun 2021 dokar tarayya a Amurka ta wajabta amfani da wannan na'ura a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba yayin da suke gudu. Inji mai aiki yana da wata illar da ba ta da ƙara ko jini, ita ce iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi, wadda ba ta da launi ko wari kuma takan taru a bayan jirgi daidai inda kan mai iyo yake. Binciken da hukumomin Amurka suka yi a Tafkin Powell a 2000 ya danganta mutuwar masu iyo da hayaƙin janareta da ke fita ƙarƙashin dandamalin bayan jiragen kwana.

Hawan kansa ba shi da wuyar bayani. Mutum ɗaya ke hawa a lokaci guda, fuskarsa ga tsani, sauran su jira a gefe don kada ya zame ya faɗo musu, masu nutso su fara miƙa kayansu masu nauyi, waɗanda ke ciki kuma su matsa ɗaya ɓangaren idan jirgin ƙarami ne.

Inda tsani ke gazawa shi ne ruwan sanyi da kuma igiyar ruwa mai ƙarfi. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke samun wanda ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi da lambobi uku, 1 da 10 da 1: kimanin minti ɗaya na haki da ba a iya sarrafawa, kimanin minti goma da hannuwa ke da sauran amfani, sannan kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Ma'anar wannan ga tsani ita ce yatsu na mutuwa tun mutum yana magana garau, har waɗanda ke cikin jirgi su yi ta ce masa ya hau alhali ya riga ya kasa riƙe ƙarfen. Frank Golden, likitan sojan ruwan Birtaniya, da abokin aikinsa Michael Tipton sun kuma yi bayanin sumewar lokacin ceto: matsin ruwa a kan ƙafafu yana taimaka wa jini komawa zuciya, idan aka ɗago wanda ya daɗe a ruwa a tsaye sai matsin ya gushe, jini ya gangara ƙasa, ya sume ko zuciyarsa ta tsaya. A tseren jiragen Fastnet na Agustan 1979, inda guguwa ta afka wa jirage 303 har 'yan tsere 15 suka rasu, akwai waɗanda suka kuɓuce a daidai lokacin da suke ƙoƙarin hawa jirgin da ya zo cetonsu. Don haka wanda ya galabaita a kwance ake ɗauko shi, ko dai da majanyin ceto irin Lifesling da ake zagaya wa ƙirji a ƙara wata igiya a ƙarƙashin gwiwoyi, ko da raga ko tamfol da ake ɗaure gefe ɗaya a jirgi a ja ɗaya gefen har mutumin ya mirgino ciki. Idan kuma ruwa na tashi, bayan jirgi yakan ɗaga ya faɗo da ƙarfin da zai iya fasa kan mai iyo, sai a koma tsakiyar gefe inda motsin ya fi sauƙi.

Kwale-kwale da ƙananan jiragen roba ba su da wurin kafa tsani, kuma dabararsu dabam ce. A jirgin roba mai taimako yakan kama mutum ta hammata ko ta kafaɗar rigar ceto, ya ɗan danna shi ƙasa don ruwa ya turo shi sama, sannan ya koma da baya da dukan nauyinsa. A kwale-kwale kuwa kama gefe da ƙarfi na iya kifar da shi da duk wanda ke ciki, shi ya sa ake hawa ta goshi ko ta baya, ko wani ya danne ɗaya gefen. Masunta irin Sarkawan Yauri da na Tafkin Kainji da Tafkin Chadi sun tashi da irin wannan sani tun yarinta, amma manyan jiragen katako masu inji da ke jigilar 'yan kasuwa a Kogin Kwara gefensu ya fi na kwale-kwale tsayi nesa ba kusa ba, fasinjojinsu kuwa da yawa ba su iya iyo ba, kuma babbar riga ko zani da hijabi idan suka jiƙe suna nannaɗe ƙafafu suna ƙara nauyi. Rigar ceton da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin Najeriya ke matsa wa fasinjoji su sa tana hana nutsewa, sai dai kaurinta a ƙirji yakan maƙale a bakin jirgi lokacin hawa, don haka tana buƙatar abin takawa a tare da ita. Mai walda na gari zai iya haɗa tsani mai mataki huɗu da ƙugiyoyi biyu na ratayawa, muddin an yi masa tokari, an shafe shi da fenti saboda tsatsa, an kuma ƙarfafa katakon da zai ɗauki nauyinsa. Inda hakan bai samu ba, igiya mai kauri da aka yi wa zarge a ƙarshe, aka ɗaure ta yadda zargen zai nutse kimanin rabin mita, tana ba ƙafa ɗaya wurin takawa yayin da mutum biyu ke jan hannuwa daga sama.