"Kai" Daban, "Kawo" Daban, Ko da a Turanci Ne

Akwai wani kuskure da na gaji da gani a rubutun yaranmu na Potiskum, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba na rashin sani ba ne, na sakaci ne. Yaro ya gama sakandare, yana riƙe da waya ta dubban nairori, amma bai bambanta "bring" da "take" ba, bai bambanta "come" da "go" ba. Duk wanda ya fara zuwa bakinsa shi zai jefa, a bar mai karatu da laluben inda aka dosa.

Wata Laraba a kasuwar shanu na ga inda wannan sakaci ya kusa ɓata ciniki. Wani dillali, dattijo ne da bai yi boko ba, yana da mai saye a Kudu wanda ya riga ya turo kafin alƙalami. Ɗansa mai takardar sakandare ke rubuta masa saƙonni a WhatsApp. Uban ya ce, "Gaya masa ranar Juma'a za mu kawo shanun." Yaro ya danna: "We will take the cows on Friday." Shi ke nan. Mutumin can ya karanta ya fahimci za a ɗauke shanun da ya biya wa kuɗi, don "take" in ba a faɗi inda za a kai abu ba, ɗaukewa yake nufi. Sai waya ta hau ruri. Yana ta faɗa, dattijo yana ta rantsuwa, yaro ya tsaya yana zare ido, shi a ganinsa Turancinsa ba inda ya karkace. Wani direban tirela da ke shan shayi a gefe ne ya karɓi wayar ya ce da buroka, "Dem go carry am come." Nan take hankalin mai saye ya kwanta. Direban da ba ya taƙama da wata takarda ya san abin da ɗan makaranta ya yi watsi da shi, wato dole magana ta nuna ko abu tahowa zai yi ko tafiya.

Na tambayi yaron daga baya, "Ɗana, kai da kawo ɗaya ne?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ina suka haɗu?" To me ya hana ka tambayi kanka haka kafin ka rubuta?

Hausa ta riga ta gama mana wannan aiki. Wasali guda muke sawa a ƙarshen aikatau ya juyo da shi wajen mai magana: fita da fito, shiga da shigo, aika da aiko, saya da sayo, koma da komo. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya cewa "fita" alhali yana waje yana kiran ƙaninsa, "fito" zai ce. Harsunan gidajenmu ma, Ngizim da Karekare da Bolanci, suna da irin wannan ɗafi mai nuna tahowa, kamar yadda masana irin su marigayi Russell Schuh, wanda aka fi sani da Malam Takalmi, suka bayyana. Shi ne ya wallafa ƙamus na Ngizim a 1981. Ke nan yaron Potiskum sau biyu ya koyi darasin, a ɗakin uwarsa da kuma a kan titi. Turanci ba shi da wannan wasali, sai ya ware kalma sukutum ga kowace fuska. "Bring" kawowa ne, "take" kaiwa ne. "Come" tahowa, "go" tafiya. "Fetch" kuwa shi ne namu ɗauko ko ɗebo, a je a dawo da abu.

Idan kana Potiskum ka raka mahaifiyarka asibiti a Damaturu ka dawo, kai ta ka yi, don haka "I took her" za ka rubuta. Likitan da ke can shi ne zai ce "he brought her", don wajensa aka kawo ta. Idan kuma wanda kake magana da shi za ka kai wa abin, Turanci ya bi Hausa sau da ƙafa. Yadda muke cewa "zan kawo maka" ko da muna nesa, haka suke cewa "I will bring it to you". Abin da ɗan dillali ya kamata ya rubuta ke nan.

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai, kuma a nan nake so malamai su saurare ni. Da kunnena na ji malami yana tsaye a cikin aji yana cewa ɗalibi "bring this register to the office", alhali ofishin yana can ƙarshen makaranta kuma shi ba can za shi ba. Yara fiye da hamsin sun ji, sun haddace. Malamin nan kuwa shi ne ke cin tarar duk yaron da ya kuskura ya yi Hausa a aji. An hana yaro taɓa harshen da zai warware masa matsalar cikin minti ɗaya, an bar shi da haddar ma'anoni daga allo kamar aku. Wace irin koyarwa ce wannan? Garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, inda ake yaye malamai duk shekara, bai kamata a ce wannan ya gagare shi ba. Malam, ka tsaya a bakin ƙofa, ka sa yaro ya miƙo maka littafi ya faɗi abin da ya yi da Hausa, sannan da Turanci. Ka koma ƙuryar aji, ka sa ya kai littafin waje ya sake faɗa. Ba alli za ka kashe ba, ba kuɗi.

Sauran 'yan'uwan wannan kuskure sanannu ne. Muna cewa "ina zuwa" lokacin da muke ficewa, sai mu ɗauke shi ɗungurungum mu ce "I am coming". Ɗan Nijeriya zai gane, amma Bature zai tsaya yana kallon ƙeyarka, don a wajensa mai cewa haka tahowa yake. "I will be back" ake cewa. Wanda zai bi ka Azare a mota ɗaya "go with" zai yi, "follow" kuwa bin baya ne. Fasinja ba ya "drop" a tasha, direba ne ke ajiye shi, shi "get off" yake yi. "Carry" ɗaukar kaya ne a ka ko a hannu, don haka mai cewa "carry me to Gombe" goyo yake nema. Sai "borrow me", wanda ya yi daidai da namu "ara mini": mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa "lend" yake yi.

Ban ce buroka abin kunya ba ce. Harshe ne da miliyoyin mutane ke ciniki da shi, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba da shi yake auna ka ba. Wasiƙa ko insha'i na kalmomi 450 ake nema, kuma duk inda ka kai abin da ya kamata ka kawo, jan biro zai bi ta kai. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a, ko da lissafinka ya kai na kowa.

Iyaye kuma, ba sai kun iya Turanci za ku taimaka ba. Idan yaro ya rubuta muku saƙo, kada ku bari ya tura sai ya mayar muku da shi Hausa kalma bayan kalma. Ku tambaye shi: ina kake tsaye, ina mai karɓar saƙon yake, kayan wajen wa za su? In kuɗi ne ko dabbobi ko buhunan hatsi, a sa sunan garin da ranar a cikin saƙon, a rubuta "to Lagos" ko "to Potiskum" ɓaro-ɓaro, sannan a bi da kiran waya kafin mota ta tashi.