Idan Rufin Mota Mai Naɗewa Ya Koɗe: Ɓarnar Rana Da Yadda Ake Maido Da Launi

A jikin mota mai rufin naɗewa, babu abin da ke saurin tsufa kamar rufin. Sai ka ga fenti yana sheƙi, inji lafiya lau, amma saman da ya baro kamfani baƙi wuluk ya koma toka-toka, ga ratsin fari a wuraren da yake lanƙwashewa. Masu sayen irin waɗannan motoci na hannu sun san haka, shi ya sa rufin suke fara dubawa, domin sake shi ɗungurum aiki ne mai cin kuɗi, sai gwanin ɗinkin kujeru da rufin mota ke iya shi. Sai dai da yawa daga cikin rufin da ake yanke wa ƙauna suna da sauran amfani. Datti ne ya binne launinsu, maganin da ke kare su kuma ya ƙare. Wanda ya fahimci abin da aka yi rufin da shi, da abin da ke cin sa, zai iya farfaɗo da shi da kuɗi kaɗan.

Yadi ne ko leda?

Tambayar farko ke nan, domin maganin wannan ba ya yi wa wancan. Rufin leda ana yin sa ne da robar PVC da aka shimfiɗa a kan yadi. Asalin PVC abu ne mai tauri da saurin karyewa, sai a 1926 wani masanin sinadarai mai suna Waldo Semon, na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka, ya gano yadda ake cakuɗa ta da wasu sinadarai masu maiƙo ta yi laushi. Da rufin leda Mazda MX-5 ta fara fitowa a 1989, motar da adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya a 2016.

Rufin yadi kuwa shi aka fi gani a kan motocin Jamus irin su Mercedes-Benz da BMW da Porsche. Babban mai samar da shi a duniya shi ne kamfanin Haartz da ke garin Acton a jihar Massachusetts, mai yadudduka irin su Stayfast da Twillfast da Sonnenland. Yawanci hawa uku ne a manne: saƙar zaren akirilik a waje, shimfiɗar roba a tsakiya wadda ita ce ainihin mai tare ruwa, sai auduga ko foliyesta daga ciki. Bambance su ba wuya. Idan ka shafa yadi za ka ji zare a ƙarƙashin yatsa, ita kuwa leda sulɓi gare ta, ko da an buga mata zane mai kama da saƙa.

Akwai wani sirri a zaren akirilik ɗin. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, sai an gama saƙa ake tsoma yadi cikin baba, launi ya shiga daga waje. Shi kuwa zaren akirilik tun yana ruwa-ruwa ake zuba masa garin launi, kafin a matso shi ta ƙananan huji ya daskare ya zama zare. Saboda haka launin yana ko'ina a cikinsa, har tsakiya, kuma koɗewarsa ta gaskiya takan ɗauki shekaru masu yawa. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara zargin datti kafin a zargi launin.

Abin da rana ke yi

A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Wani Bajamushe, Johann Wilhelm Ritter, shi ya gano shi a 1801. Shimfiɗar iskar ozon da ke sararin samaniya tana tare mafi ƙarfinsa, amma wanda ke sauka ƙasa, mai tsawon zango daga wajen nanomita 290 zuwa 400, yana da ƙarfin da zai tsinke igiyoyin da ke ɗaure ƙwayoyin sinadari da juna. Launi ba komai ba ne illa tsarin ƙwayoyin da ke shanye wani ɓangare na haske su maido da saura zuwa ido. Da zarar tsarin ya tsinke, iskar oksijin ta shiga ta kama wurin, sai ƙwayar ta daina aikinta, launi ya dusashe. Ja yakan riga sauran koɗewa. Baƙi ya fi juriya, domin garin kabon da ake yin sa da shi yana shanye hasken UV ba tare da ya lalace da wuri ba.

A jikin leda ɓarnar biyu ce. Zafi yana fitar da sinadaran nan masu sa ta laushi sannu a hankali, sai leda ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsagewa a wuraren naɗi. Hasken kuma yana warware jikin robar kanta, saman ya yi gari-gari kamar an barbaɗa alli. Wannan ne ke mayar da tagar baya ta roba rawaya, har direba ya kasa ganin abin da ke bayansa. Zafi kuma yana hanzarta komai. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan sauyi, ga shi kuwa baƙin rufi da tsakar rana yana haura digiri 60 cikin sauƙi.

Kowace ƙasa da irin cutarta. A Ingila, inda damshi ya yi yawa, gansakuka da fumfuna ne ke mayar da rufi kore. Su ba zaren suke ci ba, dattin da ya maƙale a saƙar suke rayuwa a kai. A ƙasashe masu zafi irin namu, inda ma'aunin UV ke yawan kai 11, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a mafi tsanani, rana ce da ƙura. Ƙurar hunturu mai laushi tana shigewa tsakanin zaruruwa, ta disashe launi, ta riƙa gurzar zare duk lokacin da aka naɗe rufin. Inuwar bishiya ma ba tsira ba ce, domin kashin tsuntsu da ƙaro suna barin tabo mai wuyar fita.

Wanki shi ne rabin aikin

A fara da kakkaɓe ƙura tun rufin yana bushe, da burushi mai laushi ko injin zuƙar ƙura, don kada ruwa ya mayar da ita taɓo. Sai a jiƙa rufin a inuwa, a shafa sabulun da aka yi musamman domin wannan aiki, a goge da burushi mai laushi, irin na gashin doki. A ɗauraye har sai kumfa ta daina fita, domin ragowar sabulu tana jawo datti, tana kuma hana abin da za a shafa daga baya kamawa. Idan ruwan ɗaurayar bai fita garau ba, a sake wankewa.

Akwai abubuwan da ba a kusantar da su. Bilic yana cin zaren ɗinki. Garin sabulun wankin kaya yana kankare maganin da ke kore ruwa daga yadin. Injin feshi mai ƙarfi na wurin wankin mota, idan aka matso da bakinsa kusa, yana tayar da gashin yadi ya buɗe ɗinki. Man goge takalmi da man ƙyallin taya kuwa sukan ba da baƙi na kwana biyu, daga nan su kama ƙura, su kuma hana launin kirki zama. A ƙarshe a bar rufin a miƙe ya bushe ƙayau, ko da zai kwana. Sau da yawa a nan ne mai mota ke gane cewa ba ya bukatar launi ko kaɗan.

Shafa launi

Idan bayan wanki har yanzu rufin a koɗe yake, sai a koma ga maganin maido da launi, irin wanda kamfanin Renovo na Ingila ya yi suna a kai. A nan ya kamata a san gaskiyar abin da ke cikin gwangwanin. Rina akirilik na haƙiƙa sai a masana'anta, cikin ruwan da ya kusa tafasa, abin da ba zai yiwu a kan mota ba. Wanda ake sayarwa garin launi ne cikin wani ruwa mai ɗan danƙo, wanda ke lulluɓe zare daga waje ya bushe a kai. Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan. Na farko, ba a mayar da mai duhu ya koma mai haske, sai dai a maimaita launin asali ko a ƙara duhu. Na biyu, shafi mai kauri yana sandarar da yadi, ya tsattsage a wurin naɗi. Na uku, ba na har abada ba ne, wata rana za a sake.

A rufe gilasai da fenti da robobin gefe da takarda da salatif. A motsa maganin sosai, domin garin yana kwanciya a ƙasa, sannan a gwada a wani lungu da ba a gani. Da burushin fenti ake shafawa, a faro daga tsakiyar rufin a gangaro gefe, kuma kada a bar bakin shafin ya bushe kafin a ɗora na kusa da shi, in ba haka ba layi zai fito. Aikin inuwa ne, da safe ko da yamma, a ranar da babu iska mai ƙura. Shafi biyu marasa kauri, da tazarar da aka rubuta a jikin gwangwani, sun fi ɗaya mai kauri. Duk ɗigon da ya faɗa kan fenti a share shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma.

Ita leda ba ta shan komai, don haka nata launin daban ne, wani fenti ne mai lanƙwasuwa da akan fesa bayan an kawar da duk wani maiƙo. Fentin jikin mota ba ya yi, ɓarewa zai yi tun naɗin farko.

Kariya, da sanin iyaka

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe. Sabon yadi yana zuwa da maganin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Ba shi ne ke hana yoyo ba, wannan aikin robar tsakiya ne. Amfaninsa shi ne hana ruwa jan datti cikin saƙar. Bayan launi ya bushe sarai, sai a shafa ko a fesa irin su RaggTopp ko 303 Fabric Guard. Gwajinsa mai sauƙi ne: a yayyafa ruwa, idan ya dunƙule da sauran kariya, idan ya nutse yadin ya yi duhu, lokacin sabuntawa ya yi. Leda kuma tana da nata maganin mai tare hasken UV.

Amma launi ba ya ɗinke ɓaraka. Idan zaren ɗinki kaɗai ya ruɓe, wanda sau da yawa yake riga yadin mutuwa, mai ɗinki zai iya gyarawa. Idan kuwa yadi ya sire har ana hango robar ciki, ko ya rabu da ita ya yi kumburi, ko leda ta tsage, to kuɗin magani asara ne, sabon rufi kawai za a nema.

Don haka mai irin wannan mota ya riƙe abubuwa huɗu: ya ajiye ta a rumfa ko ya lulluɓe ta da mayafi mai shan iska, ya riƙa kakkaɓe ƙura a kai a kai, ya wanke kashin tsuntsu a ranar da ya sauka, kuma kada ya naɗe rufi yana jiƙe. Wanda ya kiyaye waɗannan zai daɗe bai nemi gwangwanin launi ba.